Aleksanda Duknovic, Limamin da Ya Farkar da Rusinawa Ya Bar Musu Gardamar Harshe

An haifi Aleksanda Duknovic ranar 24 ga Afrilu 1803 a Topola, wani ƙaramin ƙauye da ke gindin duwatsun Karfat, a gabashin ƙasar Silobakiya ta yau. A wancan zamani yankin yana cikin masarautar Hangari, ita kuma tana ƙarƙashin sarakunan gidan Habsburg na Ostiriya. Mutanen waɗannan duwatsu su ne Rusinawa, talakawa masu kiwon tumaki da saran itace da ɗan noma a gangaren dutse. Ba su taɓa mallakar ƙasa tasu ta kansu ba. Ƙauyukansu a yau sun rarrabu tsakanin Silobakiya da Yukiren da Polan da Hangari da Romaniya.

Mahaifinsa limamin coci ne a ɗarikar da ake kira Katolika ta Girka, wadda tun yarjejeniyar Ujgorod ta 1646 ta amince da shugabancin Paparoma, amma ta riƙe ibadarta irin ta Gabas, har da barin limamai su yi aure. Yaron da ya tashi a irin wannan gida harsuna huɗu ne ke kewaye da shi, kowane da muhallinsa. A coci ana addu'a da tsohon Silabancin ibada, wanda ba wanda ke hira da shi. A makaranta Latinanci ne. Masu mulki da masu ƙasa suna magana da Hangaranci, wanda a 1844 ya zama harshen hukuma. Sai kuma maganar ƙauye, wadda kowa ke yi, ba kuma wanda ya ɗauke ta abin rubutawa.

Ya yi karatu a Ujgorod da Koshitse, aka naɗa shi limami a 1827. Ya yi aikin magatakarda a ofishin bishop na Preshov, ya koyar da ɗan wani babban jami'i a gida, sa'an nan a shekarun 1830 aka tura shi limanci ƙauyukan Komlosha da Beloveja. Nan ya zauna da jama'ar da akasarinsu ba su san baƙi ba, ya fara tattara waƙoƙinsu na baka. Daga baya ya koma Preshov da babban muƙami a majalisar bishop, kuma a can ya ƙare rayuwarsa.

A 1847 ya fitar da littafin koyon karatu na yara, da baƙaƙen Sirilik, cike da gajerun waƙoƙi na nasiha. Harshen littafin ya yi kusa da na ƙauye ƙwarai, ko da yake kalmomin coci sun ratsa shi. Yara suka haddace shi, aka sake buga shi fiye da sau ɗaya. A 1850 ya rubuta wasan kwaikwayo a kan fifikon halin kirki bisa dukiya, inda ya nuna yadda giya ke cinye gonar manomi da mutuncinsa. Ƙauyawan cikin wasan suna magana kamar yadda suke yi a kasuwa, shi ya sa masana harshe har yau suke komawa gare shi don sanin maganar wancan lokaci. Wasan yana da tabonsa: ya ɗora wa Bayahude mai gidan giya babban kaso na laifin, irin ƙyamar da ta zama ruwan dare a Turai ta wannan ƙarni.

Tsakanin waɗannan ayyuka biyu ne aka yi juyin 1848. Hangarawa suka tayar wa Biyana, suna neman ƴancin kansu, amma ba su da niyyar raba wannan ƴanci da ƙananan al'ummun da ke cikinsu. Duknovic bai goyi bayansu ba, don haka a watan Afrilu 1849 suka kama shi, suka tsare shi na ƴan kwanaki. Bayan ƴan makonni rundunar Sarkin Rasha ta ƙetaro duwatsun Karfat don taimaka wa Ostiriya murƙushe tawayen. Wannan abu ya girgiza malaman Rusinawa. Ga sojojin wata babbar daula suna wucewa ta ƙofar gidajensu, suna rubutu da baƙaƙe irin nasu, suna addu'a da harshen cocinsu, maganarsu kuma ana ɗan fahimtarta. Mutanen da aka saba yi wa kallon ƙauyawan dutse sai suka ga ashe suna da manyan dangi.

Daga nan ƙwazonsa ya ƙaru. A 1850 ya kafa ƙungiyar adabi a Preshov, wadda ta buga littattafan makaranta da kundin adabi na shekara sau uku. A kundin 1851 ne waƙarsa ta bayyana wadda a cikinta ya shelanta cewa shi Barusine ne kuma haka zai tabbata, waƙar da ta zama taken al'ummar. A wannan shekara kuma ya fitar da littafin addu'o'i da ya shiga gidaje masu yawa, har ƴan ci-rani suka tafi da shi Amurka.

Abin da ya fi shafar ɗalibin harshe shi ne shawarar da ya yanke a kan harshen rubutu. Maƙwabtansa sun riga sun nuna wata hanya. Vuk Karajic ya gina rubutun Sabiyanci a kan maganar talakawa, Ludovit Shtur kuma a 1843 ya zaɓi karin tsakiyar Silobakiya ya mai da shi daidaitacce. Duknovic, wanda ya riga ya gwada cewa maganar ƙauye tana ɗaukar waƙa da wasa, bai bi su ba. A ganinsa harshe hawa biyu ne: na ƙasa don koyar da jahili, na sama don ilimi da adabi. Hujjarsa ita ce ba wata al'umma mai wayewa da ke rubutu yadda baƙauyenta ke magana. Hawan saman kuwa ya neme shi a Silabancin coci da Rashanci. A 1853 aka buga taƙaitaccen nahawu da sunansa, wanda abokinsa Iwan Rakovski ya gyara har ya koma nahawun Rashanci kusan tsantsa.

Matsalar ita ce kaɗan ne daga cikin marubutan suka iya Rashancin sosai. Abin da ya fito daga alƙalumansu gauraye ne na Silabancin coci da Rashanci da kalmomin gida, kowane marubuci da irin nasa awo, ba ƙa'ida tsayayya. Masu suka suka laƙaba masa sunan raini, yaziciye. Wannan misali ne na yanayin da Charles Ferguson ya bayyana a 1959, inda nau'i biyu na harshe ke raba aiki tsakaninsu, sai dai a nan nau'in saman ba shi da gwamnati ko makaranta mai ƙarfi da za ta tsaya masa. Bai kamata a yi saurin ganin wautarsa ba. Tsoronsa na gaske ne: al'umma ƙarama, matalauciya, da ƴaƴan limamanta ke komawa Hangarawa ɗaya bayan ɗaya, tana bukatar harshe mai kwarjinin da zai yi gogayya da Hangaranci. Amma maganin ya nisanta rubutu daga masu karatun da shi kansa ya koya wa baƙi.

Ƙungiyar adabin ta daina aiki a 1853. Ya ci gaba da rubutu, ya fitar da littafin dabarun koyarwa a 1857, ya kuma taimaka wajen kafa wata ƙungiya a 1862 don tallafa wa ɗalibai marasa hali. Ya rasu a Preshov ranar 30 ga Maris 1865. Bayan shekara biyu Biyana ta sasanta da Hangarawa, ta sakar musu harkokin cikin gida, matsin mai da kowa Bahangare kuma ya tsananta.

Gardamar da ya bari ta fi shi tsawon rai. Da aka haɗa yankin da Cekosilobakiya a 1919, masu ilimi suka rabu uku: masu cewa su reshen Rashawa ne, masu cewa su Yukireniyawa ne, da masu cewa su al'umma ce daban. Kowane ɓangare ya ja Duknovic zuwa gefensa, kuma kowane ya sami abin kafa hujja a rubuce-rubucensa. Masu ra'ayin Rasha suka sa wa ƙungiyarsu sunansa a 1923. Bayan 1945 gwamnatocin gurguzu suka rufe zancen da umarni, aka rubuta kowa Bayukirene, makarantu suka koma Yukirenanci.

Sai bayan 1989 aka sake buɗe shi. A taron harshe na 1992 a Bardeyov, marubuta da masana suka ɗauki dabarar Romanshawan Suwizalan: kowane yanki ya daidaita rubutunsa a kan karinsa, a bar maganar harshe guda na bai-ɗaya zuwa gaba. Ranar 27 ga Janairu 1995 aka shelanta daidaitaccen Rusinancin Silobakiya a Biratisilaba, an gina shi a kan maganar ƙauyukan Rusinawa na gabashin ƙasar. Hukumomin Yukiren har yanzu suna lissafa Rusinawa a matsayin reshen Yukireniyawa. A Preshov kuwa gidan wasan kwaikwayo da ke ɗauke da sunansa tun 1990 yana gabatar da wasanninsa da wannan magana ta ƙauye.