Hannes Alfvén, masanin da aka daɗe ana yi wa kunnen uwar shegu kan zafin rana

Zafin doron rana ya kai kusan digiri 5,500, amma siririyar iskar da ta kewaye ta, wadda ake gani kamar farin kambi idan wata ya rufe rana, ta haura digiri miliyan ɗaya. Kamar dai mutum ya ja da baya daga murhu ya ji zafi na ƙaruwa. Masana na kiran wannan kambi korona, ba ruwansa da cutar nan, kuma duk mai binciken zafinsa a yau sai ya ambaci Hannes Alfvén.

An haife shi ranar 30 ga Mayu 1908 a garin Norrköping na ƙasar Suwidin, uwa da uba duka likitoci. Ya samu digirin digirgir a Jami'ar Uppsala a 1934, ya zama farfesa a Stockholm a 1940. Fanninsa lantarki ne, shi ya sa manyan masana sararin samaniya suka ɗauke shi ɗan shisshigi. A 1939 wata babbar mujallar Amurka ta ƙi buga bayaninsa kan guguwar maganaɗisu, kuma Sydney Chapman na Ingila, jagoran fannin, ya shafe shekaru yana watsi da ra'ayoyinsa.

A 1942 ya buga wata gajeriyar takarda a mujallar Nature. Iskar rana ta yi zafin da ya sa take ɗaukar lantarki, irin wadda ake kira filasma, layukan maganaɗisu kuma sun ratsa ta. Alfvén ya nuna cewa layukan nan tamkar tsirkiyar gurmi suke: a girgiza su a gindi, girgizar ta bi su har can sama ɗauke da makamashi. Ƴan kaɗan ne suka yarda. Abokan aikinsa sun ba da labarin cewa sai da Enrico Fermi ya saurare shi a Chicago a 1948 ya gamsu, sannan sauran suka bi sahu.

Tun a 1947 ya kawo shawarar cewa tafasar da doron rana ke yi ita ce ke kaɗa layukan, girgizar ta haura ta ɗumama korona. Sai dai a nan gizo ke saƙa. Wannan girgiza gwana ce wajen ɗaukar kaya, amma ba ta son saukewa. Tana iya ratsa korona ba tare da ta bar wani zafin kirki ba. Bayanin da masana da yawa suka fi karkata gare shi yanzu shi ne wani ɓangarenta na juyowa baya inda kaurin iskar ya canza, ya yi karo da mai hawa, su rikice su farfashe zuwa ƙanana har makamashin ya koma zafi. Wasu kuma sun fi ɗora alhakin a kan ƙananan fashe-fashen da ke faruwa idan layukan sun tsinke sun sake haɗuwa. Muhawarar na nan.

Ya koma koyarwa a San Diego ta Amurka a 1967, ya karɓi kyautar Nobel a 1970 tare da Louis Néel na Faransa. Ya yi adawa da makamashin nukiliya, ya shugabanci ƙungiyar Pugwash mai yaƙi da makaman ƙare dangi daga 1970 zuwa 1975. Taurin kan da ya taimake shi a baya ya kuma kai shi ga kuskure: ya ƙi amincewa da bayanin farkon sararin samaniya na Big Bang duk da hujjojin da suka yi ta taruwa.

Ya rasu ranar 2 ga Afrilu 1995 a Djursholm, shekara 12 kafin na'urori su ɗauki hoton irin wannan girgiza a korona a 2007. A Afrilun 2021 kumbon Parker Solar Probe na hukumar NASA ya kutsa cikin korona, bayan ya tsallaka iyakar da masana suka raɗa wa sunan Alfvén.