Adamu Ɗanmaraya Jos: Makaɗin Tsirkiya Ɗaya

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai akwai wani irin kiɗa da ake girmamawa ƙwarai, wanda mutum huɗu ke yi da kayan kiɗa masu tsirkiya. Biyu daga cikinsu suna riƙe ƙananan goge irin na Turawa, na uku yana riƙe wanda ya ɗan fi girma, na huɗu kuwa yana zaunar da babba a tsakanin gwiwoyinsa. Kowane goge tsirkiya huɗu gare shi, wato tsirkiya 16 ke nan idan an haɗa. Wani makaɗi ɗan ƙasar Ostiriya, Josef Haidin (1732–1809), shi ake ɗauka uban wannan tsari. Masu yin sa kan fara koyo tun suna yara, su shiga makarantun kiɗa, su iya karanta kiɗa a rubuce, sannan su haɗu su yi shekaru suna aiki tare. Ana kwatanta kiɗan nasu da hirar mutum huɗu, kowa na faɗin tasa, yana kuma sauraren 'yan'uwansa.

Wannan maƙala za ta dubi rayuwar wani makaɗin Hausa da bai shiga makarantar kiɗa ba, bai kafa ƙungiya ba, tsirkiyarsa kuma ɗaya ce tak, amma ya yi irin wannan hira shi kaɗai har duniya ta saurare shi. Wannan makaɗi shi ne marigayi Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Adamu Wayya a shekarar 1946 a garin Bukuru, kudu da Jos. Bukuru gari ne na haƙar kuza. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya ta isa wannan yanki a 1914, Hausawa suka riƙa kwarara can, wasu leburori, wasu 'yan tireda, wasu masu sana'o'in hannu, har suka yi yawan da aka naɗa musu sarki nasu. Mahaifin Adamu makaɗi ne a fadar wannan Sarkin Hausawa na Bukuru.

Allah bai nufi yaron ya san iyayensa ba. Mahaifinsa ya rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa, mahaifiyarsa ma ta bi baya tun yana jariri. Sarkin Hausawan ne ya ɗauke shi ya riƙe, daga nan kuma sunan Ɗanmaraya ya bi shi har ya danne na yanka.

Ya kamata mu lura da abin da wannan maraici ya haifar. A al'adar Hausa kiɗa gado ne. Ɗan makaɗi yakan tashi yana bin mahaifinsa, ya fara da amshi, ya koyi riƙe kayan kiɗa, in uban ya kau ya gaji kayan, ya gaji yaran, ya gaji ubangida. Adamu yana da jinin kiɗa, amma babu uban da zai ɗora shi a kan wannan turba. Saboda haka dole ya nemi tasa hanyar.

3.0 Haɗuwarsa da Kuntigi

A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri tun yana yaro, ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya ba shi sha'awa. Da ya komo gida sai ya haɗa nasa da hannunsa, bai kuwa sake rabuwa da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Kuntigi yana cikin dangin kayan kiɗan Hausa masu tsirkiya, kuma kusan shi ne autansu. Goge da kukuma tsirkiya ɗaya gare su, amma goga su ake yi da izga. Garaya da gurmi suna da tsirkiya biyu, molo yana da uku, duk kuwa kaɗa su ake yi. Shi kuntigi ɗan gwangwani ne irin na kifi, a rufe shi da fata, a soka masa ɗan itace, a ɗaura tsirkiya ɗaya. Ba a buƙatar maƙeri ko masassaƙi kafin a same shi, kuma yana shiga aljihun riga.

Bugu da ƙari, kowane kayan kiɗa a ƙasar Hausa yana da mutanensa. Kotso da taushi na sarakuna ne, kamar yadda muka sani daga Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi. Kalangu asalinsa na mahauta ne, garaya ta mafarauta da 'yan bori. Kuntigi ba ya da wata fada ko sana'a da ta mallake shi. Wanda ya ɗauke shi bai ɗauki nauyin wasa kowane basarake ba, yana da damar ya zaɓi wanda zai yi wa waƙa.

4.0 Waƙoƙinsa

Zaɓin da Ɗanmaraya ya yi shi ne ya fito da shi. Waƙar da ta fara sanar da shi ga jama'a ita ce Waƙar Karen Mota. Sunan kansa ya nuna irin ƙasƙancin da ake yi wa yaron mota, wanda ke lodi da sauke kaya, ya sa wa taya waigi a kan tudu, ya kwana cikin ƙura, amma a yaba direba a manta da shi. Ɗanmaraya ya ɗauki salon yabo, wanda aka saba keɓe wa sarakuna da attajirai, ya ba wannan yaro. Haka ya ci gaba da yi wa masu ƙananan sana'o'i, irin su 'yan amalanke. Ba a ce bai taɓa yi wa manya waƙa ba, ya yi, amma ba da su aka san shi ba.

Rukuni na biyu shi ne waƙoƙin zaman aure. A Jawabin Aure ya jero illolin saki, ya gargaɗi ma'aurata su riƙa sasantawa. A Auren Dole ya soki iyayen da ke aurar da 'ya ga wanda ba ta so. A Gulma Wuya ya nuna yadda bakin maƙwabta ke rusa gidan da ke zaune lafiya. A irin waɗannan waƙoƙi ne fasaharsa ta fi bayyana. Sauran makaɗa suna da 'yan amshi da ke karɓa musu, su ba su damar numfasawa. Shi ba ya da kowa. Sai ya mayar da wannan rashi ya zama dabara: yakan sauya murya ya zama miji, ya sauya ya zama mata, ya sauya ya zama magulmaci, kuntigin kuma yana cike gurbin amshi a tsakanin ɗiyan waƙa. Mai sauraro sai ya ji kamar wasan kwaikwayo ake yi a gabansa, alhali mutum ɗaya ne da ɗan gwangwaninsa.

Rukuni na uku ya ƙunshi waƙoƙin halin ɗan Adam da na kishin ƙasa. A lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa gwiwa.

5.0 Yaɗuwar Sunansa

Zamani ya taimaki Ɗanmaraya. Ya tashi daidai lokacin da gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, yake kai muryar makaɗa ƙauyukan da ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba. Bayan faifan garmaho kuma kaset ya zo. Kiɗan da ba ya da hayaniya, kalmominsa na fita ɗaya bayan ɗaya, ya dace da ƙaramar rediyo ƙwarai.

Har ila yau, Hausarsa ta birni ce mai sauƙi, irin ta Jos, inda kabilu da yawa ke haɗuwa a kan Hausa. Ba sai mutum ya san tarihin wata masarauta ko kirarin wani gida ba kafin ya fahimce shi. Alal misali, a yankin Bagudo da Illo da Lolo na Jihar Kabi, a kan iyakar Jamhuriyar Benin, Hausa ce ke haɗa Dandawa da Zabarmawa da Fulani a kasuwa. Wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ne yana iya kasa bin zurfin waƙar fada, amma zancen yaron mota da ɗan amalanke da rikicin aure ba baƙo ba ne a gare shi, domin kullum yana ganinsu a tasha da kasuwa da cikin gida.

Kuntigin nan ya kai shi ƙasashen Turai da Amurka. Gwamnatin Nijeriya ta ba shi lambar girma ta MON, ya sami lambar zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, an kuma ba shi digirin girmamawa na dakta. Masana adabi a jami'o'in gida da na waje sun yi nazarce-nazarce a kan waƙoƙinsa.

Allah ya yi masa rasuwa a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015, bayan ya yi jinya.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, rayuwar Ɗanmaraya ta saɓa wa ginshiƙai uku da kiɗan Hausa ya daɗe a kansu, wato koyo a hannun uba, da jingina ga ubangida, da dogaro ga 'yan amshi. Rashin waɗannan ne ya ba shi 'yancin mayar da talaka abin yabo, ya kuma tilasta masa ƙirƙiro salon da ba a saba ji ba. Abin da ya rage gare mu ɗaliban Hausa shi ne aikin adanawa. Makaɗan Turai da muka ambata a rubuce suke barin kiɗansu, shi ya sa ake kaɗa na Haidin har yau. Namu kuwa yana cikin faifai da kaset da ke lalacewa, masu kaɗa kuntigi kuma sun yi ƙaranci. Wajibi ne a tattara waƙoƙin, a rubuta su, a kuma bayyana yadda ake haɗa kuntigi da yadda ake kaɗa shi, tun waɗanda suka sani suna raye. Allah ya jiƙan Adamu Ɗanmaraya, ya kyauta namu ƙarshe, amin.