Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun: Ɗan Amshin Da Ya Zama Jagora

Duk Bahaushen da ke zaune a nan Gomari, ko Hausari, ko wata unguwa ta Maiduguri, in dai ya ba shekara 40 baya, da wuya a ce bai taɓa cin birki a bakin shagon mai kaset ba saboda ya jiyo muryar Ɗanƙwairo. Da yawa daga cikinmu, ko iyayenmu, da muryar nan muka riƙa rage kewar gida. Yau kaset ya kau, waƙoƙin sun koma cikin waya, amma har gobe in an kunna su sai ka ga dattijo ya yi shiru yana kaɗa kai.

To, mai karatu, in ka sake kasa kunne da kyau za ka lura ba murya ɗaya kake ji ba. Jagora zai ɗauko magana, kafin ya dire wasu sun cafe sun ƙarasa, kafin su rufe baki wasu sun karɓa, ga kotso na tafiya a ƙarƙashi ba ya gaba ba ya baya. Wannan aiki ne na magidanta da suka daɗe suna koyo tare. Shi kansa maigidan a cikin irin wannan layi ya yi mafi yawan rayuwarsa kafin ya fito gaba. Tarihin da muka kawo muku a wannan fitowa ke nan.

Asalinsa

An haifi Musa wajen shekarar 1909 a ƙasar Bakura, wadda yanzu take cikin Jihar Zamfara. Sunan mahaifinsa Usman Ɗankwanda, kakansa kuwa Kaka Maiganga, dukkansu makaɗa ne. Wato dai kiɗa gadonsa ne, a cikinsa ya buɗe ido. Gidan nasu ya yi zama a ƙarƙashin Sarkin Kayan Maradun, shi ya sa har ya bar duniya da Maradun ake kiransa.

Laƙabin da ya rufe sunansa na yanka ma a cikin ƙungiya ya samo shi. Mahaifinsa yana da wani bara mai suna Ƙwairo, mutum mai zaƙin murya. Da yaro Musa ya fara sa baki a amshi, sai jama'a suka ji muryarsa ta yi kama da ta wannan bawan Allah, suka shiga ce masa Ɗanƙwairo, sunan ya bi shi. A nan akwai abin lura: Ƙwairo ba ɗan gidan ba ne, shigowa ya yi ya koya, ya kuma iya har aka riƙa auna ɗan maigida da shi. Ashe tun can da, ƙofar gidan makaɗa a buɗe take ga wanda ya zo da niyya.

Makarantarsa ta farko gona ce

Kiɗan noma Musa ya fara tararwa a gidansu. Tun yana ɗan shekara 6 zuwa 7 yake bin mahaifinsa wurin gayya, inda samari ke jeruwa a kan kunya, makaɗa na biye da su suna zuga su da kirari. Wanda ya taɓa ganin gayya ya san kiɗan nan ba na wasa ba ne. Dole ganga ta tafi daidai da saukar fartanya. In makaɗi ya yi sauri ya gajiyar da manoma, in ya yi sanyi aiki ya mutu. Yaron da ya tashi a nan ya koyi darasi na farko, wato sauraron na kusa da shi kafin ya ji kansa.

A irin waɗannan gidaje ba a ɗaukar sabon shiga a miƙa masa babbar ganga. Da ɗaukar kaya ake farawa, da shanya fata, da riƙe igiya in ana ɗaurin ganga. Sa'an nan a ba shi ɗan kanzagi, ƙaramar gangar da ke riƙe bugu ɗaya ba ta sauyawa. Sai an ga hannunsa ya zauna, a bar shi ya sa baki a amshi. Mai shekara 7 da mai shekara 30 duk ta wannan hanya suke bi, ba a tsallake wa kowa mataki don yana da gemu.

Shekarun da ya yi yana Daudu

Bayan rasuwar Usman Ɗankwanda, ragamar ƙungiya ta koma hannun yayan Musa, wato Abdu Kurna, shi kuma Musa ya zama Daudun kiɗa. Ga wanda bai sani ba, makaɗan fada suna da sarautu a tsakaninsu kamar yadda fada take da su, kuma Daudu shi ne na biyu, mai jiran gado. Shi ke jan 'yan amshi, shi ke tsare waƙa in jagora ya tsaya shan iska, shi ke gyara wa na baya in sun kauce.

Musa ya daɗe a wannan matsayi, yana bayan yayansa, suna yi wa Sarkin Kaya da sauran sarakunan yankin waƙa da kotso. Ga murya Allah ya ba shi, ga jama'a sun san da shi, amma bai ɓalle ya kafa tasa ba. Ku duba lissafi: mutumin da aka haifa wajen 1909, sai a farkon shekarun 1960 sunansa ya game Arewa a matsayin jagora. Ya haura shekara 50 ke nan. Shekarun da wani zai ce ya tsufa da koyon sabon abu, a lokacin ne shi ya buɗe sabon babi.

Yadda ƙungiyar take aiki

Kotso ganga ce mai siririn ciki da baki ɗaya a rufe da fata, ɗaya bakin a buɗe. Ana rataya ta a kafaɗa, a buga da hannu, a riƙa matsa tsarkiyarta don murya ta hau ko ta sauka. Kiɗan sarauta ne, kamar taushi. A ƙungiyar Ɗanƙwairo masu bugun kotson su ne kuma 'yan amshi, wato hannu na aiki baki na aiki a lokaci guda. Duk wanda ya taɓa gwada tafi da wani bugu yana rera wani abu dabam ya san wannan ba a kwana ɗaya ake iya shi ba.

Waƙar fada tana da gindi, wato amshin da ake komawa kansa, tana kuma da ɗiya, su ne baitocin da ake jerowa a tsakani. A wurin mawaƙa da yawa aikin 'yan amshi shi ne su maimaita gindi kawai. Ku tuna da Marigayi Mamman Shata: shi ke zuba magana yadda ta zo masa, masu kalangu su mayar da amshi. Tsarin gidan Ɗanƙwairo dabam ne. Jagora ya fara ɗa, 'yan amshi su karɓa su ƙarasa shi, wani lokaci su yi ƙari da nasu, wani lokaci su kasu biyu suna karɓeɓeniya, waɗannan su ajiye waɗancan su ɗauka. Don haka tilas kowane ɗan amshi ya haddace waƙar tun daga farko har ƙarshe, ya san inda zai shigo da inda zai yi shiru.

Irin wannan waƙa a gida ake shirya ta kafin a kai ta fada. A zauna, jagora ya kawo gindi, a ɗora masa kiɗa, a juya shi har ya zauna a bakin kowa. Sa'an nan a shiga ɗiya ɗaya bayan ɗaya: asalin sarki, da kakanninsa, da garuruwan da ke ƙarƙashinsa, da zambo ga abokan hamayyarsa. Kuskure a nan ba ƙaramin abu ba ne, don in ka sauya wa sarki kaka a gaban fadawansa ka jawo wa gidanku abin kunya. Ka ga ashe ɗan amshi ɗalibin tarihi ne, ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba.

Akwai kuma sanƙira, wanda ba ya kiɗa ba ya amshi. Shi ke kirari a tsakiyar waƙa, ya fassara abin da jagora ya dunƙule, ya sanar da kyautar da aka yi. Kyautar kuwa, ko doki ce ko riga ko kuɗi, hannun maigida take zuwa, shi ke rabawa gwargwadon matsayin kowa. Jagoran da bai iya rabo ba ba ya riƙe mutane. Wanda ya yi shekaru yana karɓar rabo a layin baya, ai ya fi kowa sanin zafin a tauye shi.

Zamanin Sardauna

Lokacin da siyasar jam'iyyu ta kankama, Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ya bukaci makaɗin fada daga ƙasar Sakkwato, aka nufi gidan makaɗan Maradun. Abdu Kurna girma ya kama shi, yawon da aikin ke bukata ya fi ƙarfinsa, sai nauyin ya faɗo kan ƙanensa. Da haka Daudu ya zama jagora.

Waƙoƙin da ya yi wa Sardauna, musamman wadda aka fi sani da Mai Dubun Nasara, su suka kai sunansa inda ƙafarsa ba ta taka ba. Gidan rediyon Kaduna ya yi ta sa su, har mutanenmu da ke nan Barno suna ji. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne yadda ƙungiyar ta fito a shirye, ba gargada. Dalili kuwa a fili yake: an yi shekaru ana gasa ta a ƙananan fadoji kafin ta iso babbar fada.

Ranar 15 ga Janairu, 1966 aka kashe Sardauna a juyin mulkin soja na farko. Wannan babban rashi ne ga Ɗanƙwairo, amma ƙungiyar ba ta watse ba. Ya ci gaba da yi wa sarakuna waƙa. Cikin waɗanda suka fi shahara akwai ta 'Yandoton Tsafe, da ta Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya hau gado a 1966 ya rasu a 2007. Bai kuma yar da waƙar noma da ya tashi a cikinta ba.

Rasuwarsa

Allah ya yi wa Alhaji Musa Ɗanƙwairo rasuwa a shekarar 1991, yana da shekara 80 da 'yan kai. A lokacin Maradun tana cikin Jihar Sakkwato, don sai a 1996 aka ƙirƙiro Zamfara. 'Ya'yansa, waɗanda suka tashi a layin amshi kamar yadda ya tashi, su suka ci gaba da riƙe ƙungiyar. Masana kuma, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ta Kano, sun rubuta tarihin makaɗan baka da waƙoƙinsu, har ana nazarin su a jami'o'i.

Abin da ya rage gare mu

To, 'yan'uwa, mu dawo gida Gomari. Daga nan zuwa Maradun tafiyar yini guda ce cur a mota. 'Ya'yanmu a nan aka haife su, wasunsu sun fi mu jin Barbarci, wannan kuwa abin alheri ne. Amma ka kunna wa matashi waƙar Ɗanƙwairo ka tambaye shi me aka ce, sai ya yi murmushi. Hausar Zamfara ce, inda ake cewa hwaɗa maimakon faɗa, ɗiya maimakon 'ya'ya. Mu kanmu manyan, nawa ne cikinmu za su iya bin waƙa ɗaya daga gindi har ƙarshe? Shekarun tashin hankalin da garin nan ya shiga tun daga 2009, da dokar hana fita, sun kashe zaman dare da yawa, wanda a nan ne ake jin irin waɗannan abubuwa daga bakin dattawa.

Maƙwabtanmu Barebari ba su saki gangunan fadar Shehu da algaitarsu ba, kowa yana gani ranar hawan salla. Mu da muke baƙi a ƙasarsu mun fi bukatar riƙe namu, don mu ba mu da fadar da za ta riƙe mana.

Na san wani zai ce kiɗa gado ne, shi ba maroƙi ba ne. Wani kuma yana da uzurinsa na addini, ba mai tilasta masa. Ba cewa muke kowa ya rataya kotso ya shiga kasuwa ba. Abin da muke nufi ƙarami ne. Magidanta 5 ko 6 su ware yamma ɗaya a mako, su zaɓi waƙa ɗaya, ko ta noma ce. A saurara, a rubuta kalmomin, a nemi dattijo ɗan Zamfara ko Sakkwato, ga su nan cikinmu, ya warware masu wuyar. A fara da gindi kowa da kowa, sa'an nan a kasu biyu a gwada karɓeɓeniya. In an sami mai kalangu ko ganga a unguwa a gayyato shi, in ba a samu ba tafi ya isa riƙe bugu. Mata ma haka a nasu ɓangaren, da waƙoƙin daka da na biki da suke neman ɓacewa. A bar yara su zauna a gefe, don haka Musa ya fara.

Ranar farko za a yi ta karo da juna, a yi dariya. Ba komai, gemu ba ya hana ilimi. Mutumin da muke jin muryarsa yau da sha'awa sai da ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana amsa wa wani.

Allah ya jiƙan Alhaji Musa Ɗanƙwairo, da mahaifinsa, da yayansa Abdu Kurna, da dukkan 'yan amshin da muke jin muryoyinsu ba mu san sunayensu ba. Allah ya ba garinmu zaman lafiya mai ɗorewa, amin.