Nana Asma'u 'Yar Shehu: Malamar Da Ta Kai Karatu Ƙauye

An haifi Nana Asma'u, Allah Ya jiƙanta da rahama, a Degel a shekarar 1793. 'Yar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye ne ita da Hassan, amma Shehu bai kira ta Hussaina kamar yadda aka saba ba, sai ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka ƙuruciyarta ta wuce cikin ƙaura da yunwa da yaƙi. Duk da haka karatu bai yanke mata ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta naƙalci Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Mun fi jin ana yabon yawan rubuce-rubucenta, kuma ta cancanci yabon. Amma a ganinmu babban aikinta shi ne irin ɗaliban da ta zaɓa. Yaƙe-yaƙen jihadi sun bar zawarawa da marayu da matan da aka kamo, ga kuma matan karkara waɗanda ba su taɓa zama gaban malami ba. Da yawansu ba su san yadda ake alwala ba, in ciwo ko baƙin ciki ya same su sai su nufi 'yan bori. Mahaifinta ya riga ya soki malaman da ke tara ɗalibai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ita ce ta mayar da wannan suka aiki.

Ta fahimci cewa matar aure mai goyo da surfe da daka ba za ta iya barin gidanta ta tafi Sakkwato neman ilimi ba. Sai ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. A kowane ƙauye akan zaɓi dattijuwa mai amana, a naɗa ta jaji, wato jagorar ayari, a ba ta malfa da jan rawani. Jaji takan jagoranci tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana su tako zuwa gidan Nana, su ɗauki darasi, su koma su koyar da waɗanda suka bari a gida. Abin lura a nan, malfar nan alama ce ta Innar Gobir, shugabar bori. Nana ba ta jefar da ita ba, ta ɗora ta a kan malama, domin mata su ga girman da suka sani ya koma wajen ilimi.

Haka ta yi wa harshe. Ba ta ce sai ɗaliba ta iya Larabci kafin a koya mata addininta ba. Ta tsara darussa cikin waƙa, domin waƙa tana zama a ka ko babu allo, ana iya rera ta ana kaɗi. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani don sauƙin hadda, akwai ta tarihin Manzon Allah (SAW), akwai ta mata salihai, sannan ga Waƙar Gewaye a kan tarihin jihadi. Abin da aka rubuta da Fulatanci kuwa akan mayar da shi Hausa, harshen mafi yawan matan. Ƙaninta Isa ya taimaka a wannan fassara.

Ɗaliban sukan zo mata da ɗan abin hannunsu, hatsi ko zuma ko man shanu, ita kuma ta rabar wa mabuƙata. Da suka koma gida, su ne masu jinyar marasa lafiya da wankan gawar mata da sasanta rigingimu. Wata jaji mai suna Hauwa'u da ta rasu, Nana ta yi mata marsiyya, kamar yadda ta yi wa Bello bayan rasuwarsa a 1837.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu, kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da karɓar ayarin 'Yan Taru a bayanta.