Nestor Lakoba: Shugaban da ya ci abincin dare gidan yaronsa, ajali ya biyo baya

Tun da na fara bibiyar labarin Abkaziya, ɗan yankin nan na bakin Bahar Aswad da ya ɓalle daga Jojiya bayan yaƙin 1992 zuwa 1993, sunan mutum ɗaya ke ta dawo mini: Nestor Lakoba. Har yau akwai jam'iyyar kwaminis a yankin, kuma in ana neman tushen gurguzu a can, to a kansa ake tsayawa.

An haife shi a 1893 a ƙauyen Likni. Ya yi karatu a makarantar horar da limaman coci ta Tibilisi, aka kore shi, sai ya shiga jam'iyyar Bolshebik a 1912. Da sojojin Sobiyet suka karɓe Abkaziya a 1921, ba a jima ba ya zama shugaban gwamnatinta, ya riƙe ragama har mutuwarsa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ya iya zama da Stalin. Lakoba ba ya ji sosai, amma fa akwai iya hulɗa da manya. Stalin kan je hutu Abkaziya, shi kuma ya karɓi baƙunci, har suka shaƙu. Da wannan kusancin ya riƙa kare mutanensa. Lokacin da ake ƙwace gonakin talakawa ana mai da su gandun gwamnati a faɗin Tarayyar Sobiyet, shi jan ƙafa ya yi ta yi. A 1931 manoma sun yi gangami a Duripsh suna ƙin tsarin, ya je ya lallashe su aka watse ba a zubar da jini ba. Sai dai ba a banza ba: a shekarar aka rage wa Abkaziya matsayi, ta koma ƙarƙashin Jojiya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Lakoba na cikin waɗanda suka yaba wa Stalin wani matashin jami'in tsaro, Labrenti Beriya, shi ma haifaffen Abkaziya. Beriya ya zama shugaban jam'iyya a Jojiya, daga nan kishi ya shiga tsakani. A Disambar 1936 ya kira Lakoba Tibilisi, ya gayyace shi cin abinci. Ranar 28 ga wata aka wayi gari Lakoba ya mutu, yana da shekara 43. Hukuma ta ce ciwon zuciya ne, amma masana tarihi da dama sun fi karkata ga cewa guba aka sa masa.

An yi masa jana'izar ban girma a Sukumi. Ba a daɗe ba aka ayyana shi maƙiyin al'umma, aka tone gawarsa. Matarsa Sariya ta sha azaba a kurkuku, ta ƙi yarda ta ɓata sunan mijinta har ta mutu a 1939. Ɗansu Rauf, wanda aka kama yana yaro, an harbe shi a 1941.

Ni dai abin da na gani, jama'a, ƙaramar al'umma in ta jingina tsaronta ga amincin mutum ɗaya da mai mulki, ranar da ya faɗi kowa zai ji a jikinsa. Bayan Lakoba an rufe makarantun harshen Abkaz, aka kwaso baƙi aka zaunar a yankin.

Bayan mutuwar Stalin a 1953 an wanke sunan Lakoba. Beriya kuwa, a Disambar wannan shekara aka harbe shi. Da ma an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.