John Akii-Bua: Ɗan Hakin Da Ka Raina

A Mile One ta Fatakwal, inda na koyi Hausa wajen maƙwabta, na fara jin sunan John Akii-Bua. Wani dattijo mai shayi ne ya ba ni labarinsa, domin ya kalle shi a Legas a 1973, lokacin da ya ci zinare a wasannin Afirka.

An haife shi a 1949 a yankin Lango da ke arewacin Uganda. Ɗan sanda ne. Da tseren tsallaken shinge na mita 110 ya fara, kafin mai horar da shi, Malcolm Arnold, ya mayar da shi na mita 400. Ya riƙa atisaye sanye da riga mai nauyi. A wasannin Kwamanwel na 1970, na huɗu ya zo.

A gasar Olamfik ta Munich a 1972, idon kowa na kan David Hemery na Birtaniya, zakaran 1968. Akii-Bua kuwa aka ba shi layin farko, wanda kwanarsa ta fi matsi. Duk da haka ya gama cikin daƙiƙa 47.82, ya kafa tarihin duniya, ya kawo wa Uganda zinarenta na farko.

Sai dai siyasa ta taɗe shi. Ƙauracewar ƙasashen Afirka ta hana shi kare kambinsa a Montreal a 1976. Bayan faɗuwar Idi Amin a 1979 ya tsere Kenya, ya zauna a sansanin 'yan gudun hijira. Ya rasu a Kampala a 1997.

Duk ranar da na kwafsa Hausa a aji aka yi dariya, nakan tuna da wanda aka ba layin farko.