Gunpei Yokoi, Mai Gyaran Inji Da Ya Ƙirƙiro Game Boy

An haifi Gunpei Yokoi a Kyoto ta ƙasar Japan a 1941. A 1965 kamfanin Nintendo ya ɗauke shi aikin gyaran injinan yin katin karta. Wata rana a jirgin ƙasa ya ga wani yana latse-latsen kalkuleta don ɗebe kewa. Daga nan ya ƙera Game & Watch a 1980, sai Game Boy a 1989. Dabararsa ita ce tsohuwar fasaha mai araha: allo marar launi, batir huɗu masu jimawa. Shi ya sa ta yayana ba ruwanta da ɗauke wuta a Bebeji. Ya rasu a hatsarin mota a 1997. Mu masu firojek, aljihu ba nauyi, kar mu raina tsofaffin kaya.